Wa ke da la'asar ɗin yarinya? Karatun bayan lakwal a Gaya

A Gaya, inda gada ta haɗa Nijar da Malanville ta Benin, ga kuma Kamba ta Nijeriya kusa, yarinya idan ta taso daga lakwal tiren talla na jiranta, allo ma na jiranta. Tambayarmu a nan ita ce wa ya riƙe waɗannan awoyi.

Gwamnati ta gwada. Bayan juyin mulkin 1974 Seyni Kunce ya farfaɗo da samariya, a 1975 aka kafa ƙungiyar matan Nijar. Sai dai tarbiyyar da aka nufa ta aikin gayya ce da tarbar manyan baƙi.  Zuwan jam'iyyu barkatai bayan taron ƙasa na 1991 ya kashe kaifin samariya.

A ganinmu, abin da ya ɗore daga gabas ya shigo. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yaɗa makarantun Islamiyya na yamma da na dare, har da na matan aure, masu kare su kuwa kan kafa hujja da Nana Asma'u da jajinta na Ƴan Taru a Sakkwato. Dokar Disamba 2017 ta kare yarinyar da ke cikin aji. Talla kuwa lissafin uwa ne, don daga cikinta ake tara kayan ɗaki.