Zinariyar Tonawa da Dafin da ke Bin Ruwa

Goro ne ya ja fataken Hausa zuwa Gwanja, goro ne kuma ya kai su Kumasi, birnin Asante, mutanen da kakanninmu suke kira Tonawa. Bayan Ingilishi sun kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, baƙi daga arewa suka ƙaru, Zango ya bunƙasa. Sai dai ƙasar da suka sauka ba ta goro kaɗai ba ce, ta zinariya ce tun fil azal. Da garin zinariya ake ciniki a kasuwanninta, kuma akasari da akushi da ruwa ake tace ta a bakin rafi, ƙasa ta koma ƙasa, ruwa ya wuce abinsa.

A 1897 aka kafa kamfanin Ashanti Goldfields a Obuasi, kudu da Kumasi. Dutsen wurin zinariyarsa a haɗe take da gubar asinik. Shekaru da dama sai an gasa shi kafin a raba su, hayaƙin kuwa ya riƙa sauka a kan tsaunukan garin har tsirrai suka bushe, ya kuma shiga ƙasa da ƙoramu.

Guba ta biyu ita ce zaiba. A 1989 gwamnatin Ghana ta halatta wa 'yan ƙasa haƙar zinariya ta ƙaramin ƙarfi, ta kuma ba masu lasisi damar sayen zaiba. Tare da haka sai haƙar ɓoye, wadda ake kira galamse, ta yaɗu. Mai haƙa yakan cuɗa zaiba da laka don ta kama zinariya, sannan ya ƙona curin. Tururin ya shiga huhunsa, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, har hannu ya soma rawa. Abin da ya zube a kogi kuma ƙwayoyin halitta na cikin laka su mayar da shi wani nau'i mafi dafi. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, tsuntsu da mutum su ci babba, a kowane mataki gubar tana ƙara taruwa. Ɗan tayi a cikin uwa shi ya fi kowa shiga haɗari.

Duniya ta san wannan tun 1956 a Minamata ta Japan, inda kyanwoyi suka riƙa haukacewa, tsuntsaye suna faɗowa, kafin a gane abin da ke kashe masunta. Sunan garin aka ba yarjejeniyar taƙaita zaiba ta 2013, wadda Ghana ta amince da ita a 2017, shekarar da ta dakatar da ƙananan masu haƙa. Duk da haka kogunan Offin da Pra suka ci gaba da zama kamar kunu, har a 2024 kamfanin ruwa na ƙasar ya rage ruwan da yake ba Cape Coast saboda gurɓatar Pra.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400.

Ɗan Zango ko bai taɓa shiga rami ba, abin ya shafe shi. Daga madatsar Barekese, a kan Offin ta sama, mafi yawan ruwan famfon Kumasi yake fitowa. Da shi ake alwala, da shi ake dama kokon yara. Ranar da masu haƙa suka kai ga mafarinsa, ba wanda zai tambayi wa ya ci ribar zinariyar kafin ya sha.