Jeren hotuna a bangon ɗaki da abin da yake faɗa wa mai neman tarihi

Tun kafin na'urar ɗaukar hoto ta iso ƙasar Hausa, bangon ɗaki ba ya zama tsirara. Ranar jere, dangin amarya kan kwashe yini guda suna tsara ƙore da faifai da tasoshi, daga baya kwanonin sha da na tuwo masu fenti suka shigo, ana ɗora su bisa juna har su kusa taɓa rufi. A unguwar Birni ta Damagaram magina sun ƙawata fuskokin gidaje da zane, malamai kuma suna rataye allon zayyana na ɗan da ya sauke Alƙur'ani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan magana yake yi: ga arzikin gidan da yarinya ta fito, ga matsayin mai gida, ga ilimin da aka samu. Da hoto ya zo, sai ya tarar da mutanen da suka riga suka iya sa bango ya yi magana, ya samu gurbi a cikin jeren.

A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar Daguerre a Faransa, a 1888 kuma kamfanin Kodak ya fitar da ƙaramar na'urar da kowa zai iya riƙewa. Amma hotunan farko da aka ɗauka a ƙasarmu ba don bangon mutanenta aka yi su ba. Sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka, waɗanda suka kama Damagaram a 1899 suka mai da ita babban birnin mulki daga 1911 zuwa 1926, su ne ke riƙe da na'urar. Sun ɗauki sarakuna da dogarai da ƴan kasuwa da mata a bakin rijiya, aka buga wasu a katin gidan waya aka aika Turai. Sau da yawa abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton sunan ƙabila ne ko na sana'a, ba sunan mutum ba. Wanda aka ɗauka bai ga hoton ba, jikokinsa ma ba su gaje shi ba.

Sauyin ya taso ne daga bakin teku. A Ankara ta Gana iyalin Lutterodt suna sana'ar hoto tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a hankali masu hoto ƴan Afirka suka dinga hawowa arewa. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. A Yamai, Philippe Koudjina, wanda ya zo daga bakin teku, ya ɗauki samari da ƴan mata na shekarun 1960 da 1970 a wuraren rawa da bukukuwa. Yarabawa masu hoto sun bazu a biranen Afirka ta Yamma, har da namu, kamar yadda mai bincike Erika Nimis ta nuna a littafinta na 2005. A cikin irin waɗannan shaguna mutum shi ke biya, shi ke zaɓen rigar da zai sa, shi ke cewa a jingina masa keke ko a aza masa rediyo a cinya, ko da na aro ne. A nan ne, a ganina, tarihin hoton iyali ya fara a wajenmu.

Sai dai a yi hattara da zaton cewa sha'awa ce kaɗai ta cika bangayenmu. Hukuma ma ta taka rawa. Katin shaida, takardar jarrabawar lakwal, fasfo na zuwa Makka, takardun fansho na tsofaffin soji, duka suna neman ɗan ƙaramin hoto. Tsohuwar da ba za ta taɓa yarda ta tsaya gaban mai hoto don ado ba, dole ta tsaya saboda aikin hajji. Bayan rasuwarta sai ƴaƴanta su kai wannan ɗan hoton a faɗaɗa shi, a sa masa katako da gilashi. Shi ya sa fuskokin kakanni da yawa da muke gani a rataye suke a murtuke, ido a tsaye, kafaɗa a miƙe. Ba halinsu ke nan ba, umurnin mai hoton katin shaida ne.

Wanda ya lura da yadda ake tsara hotunan zai ga ba kara-zube ake yi ba. Sama, kusa da rufi, na manya ne: mahaifi da rawaninsa, alhaji ko hajiya a gaban zanen Ka'aba da aka yi a kan labule, tsohon soja da lambobinsa a ƙirji, wani lokaci shehin ɗariƙa. A kan buga ƙusa biyu a ƙasa su tallafi katakon, a ɗaure shi da igiya daga sama, sai hoton ya ɗan sunkuyo yana duban mai zaune a tabarma. Dabarar ta dace da ladabi ƙwarai: babba na sama, kai kana ƙasa. Ƙarƙashin wannan sahu akwai na aure da na suna da na ƴan lakwal a layi tare da malaminsu. Sa'an nan ga babban kwali guda da aka manna ƙananan hotuna goma ko ashirin a kansa, wasu an yanke su da almakashi, wasu an soke su a gefen gilashi. Wannan kwali shi ne ya fi daraja ga mai bincike, domin a cikinsa ne ƴan ci-rani suke: wanda ya aiko hotonsa daga Kumasi yana sanye da agogo, wanda ya tsaya kusa da motar da ba tasa ba a Abijan, wanda ya tafi Ikko ko Libiya ya bar wannan kaɗai. Taswirar tafiye-tafiyen gida ɗaya ce ta shekara arba'in.

Kunya ma tana da hannu a ciki. Uwa ba ta cika sa hoton ɗan farinta a inda ido zai fara sauka ba, sai a same shi a ɗakin kaka ko na goggo. Matar da ba ta kiran sunan mijinta za ta nuna hotonsa ta ce mai gidan ne, shi ke nan. Akwai kuma gurbin da almakashi ya bari, inda aka yanke fuskar matar da aka saka ko abokin da aka ɓata da shi, hannunsa kawai ya rage a kafaɗar wani. A ofisoshi da wasu zaurukan, hoton Jori Hamani ya sauka a 1974, na Saini Kunce ya hau, inuwar tsohon katakon ta daɗe a jikin farar ƙasa.

Abu uku suka rage wa wannan al'ada ƙarfi. Hoto mai launi, wanda ya yaɗu a shekarun 1980, ya kashe kasuwar masu wanke baƙi da fari da hannu, karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994 kuma ta tsauwala kuɗin fim da takarda, tun da duka daga waje ake shigo da su. Na biyu shi ne wa'azi. Muhawarar malamai a kan hoto tsohuwa ce, wasu na bambanta hoton na'ura da sassaƙe, wasu ba sa bambantawa, amma bayan kafuwar Izala a Jos a 1978 da isowarta Maraɗi da sauran garuruwa, gidaje da dama sun sauke hotunan mutane suka rataya ayoyi da hoton Harami. Wannan hukunci ne na mai gida da malaminsa, ba na mai rubutun tarihi ba. Abin tambaya shi ne ina aka kai waɗanda aka sauke. Wanda ya sa su a akwati ya tsare su, wanda ya ƙona su ya ƙona abin da babu kwafinsa ko'ina. Na uku ita ce wayar hannu, wadda ta ninka yawan hotuna ta kuma sa aka daina wanke su. Waya ta faɗa ruwa ko a sace ta, shekara biyar ta rayuwar yara ta bi ta.

Waɗanda suka rage a bango ma suna cikin haɗari. Launin hoton shekarun 1980 rini ne, rana tana cinye shi har ya koɗe, alhali baƙi da fari na shekarun 1960, wanda azurfa ce ke riƙe da surarsa, ya fi jurewa idan an ɗauraye shi da kyau tun farko. Laimar damina kan sa hoto ya manne wa gilashi, wanda ya yi ƙoƙarin ɓamɓare shi fuskar zai ɗebe. Gara tana bi ta bayan kwali ba a sani ba, salatif kuma yana barin tabon da ba ya fita. Mai son jera hotunan gidansu a yau gara ya zaɓi bangon da rana ba ta bugawa, ya bar ɗan fili tsakanin katako da bango, ya wanko sabon kwafi ya rataya, asalin kuwa ya ajiye shi cikin takarda a wuri busasshe.

Abin da ya fi gaggawa shi ne sunaye. Gidan tarihi na Bubu Hama da ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai ba za su iya shiga kowane ɗaki ba, amma malamin lakwal yana da ɗalibai hamsin ko fiye, kowane da bangon gidansu. Ana iya tura yaro ya zauna da kakarsa a gaban kwalin, ya tambaye ta wane ne wannan, ɗan wa, a wane gari aka ɗauka, kafin yunwar 1973 ne ko bayanta, ya kuma duba hatimin shagon mai hoto idan akwai. Ya rubuta amsar a bayan hoton da fensir, ban da biro, domin tawadarsa tana ratsa takarda. Inda kunya ta hana tsohuwar faɗin wani suna, sai ya tambayi kishiyarta ko maƙwabciya.