Gorar maganin inji da rairayin Arewa

Da zarar mota ta bar kwaltar da ta ratsa Dogondutsi, wadda ta haɗa Yamai da Damagaram, ta miƙi hanyar Sukukutane, ta shiga ƙasar da inji ke shan wuya. Baburan 'yan kabu-kabu, injinan niƙa, injinan ban ruwa na lambunan Dallol Mawuri, duk a cikin zafi da ƙura suke aiki. Shi ya sa ƙaramar gorar nan da ake cewa "maganin inji" take samun kasuwa. Iri biyu ce: akwai wadda ake zubawa kafin juye don ta wanke ciki, akwai kuma wadda ake haɗawa da sabon baƙin mai don ta "ƙara masa ƙarfi". Shin suna aiki?

Sai mu fara da abin da mai sayarwa ba ya faɗa. Baƙin man kirki tun daga masana'anta da maganinsa yake zuwa. A cikinsa akwai sinadarin da ke wanke dauɗa, da wanda ke riƙe ta kada ta kwanta, da na zinki da ake kira ZDDP, wanda tun shekarun 1940 ake sa shi don rage cin ƙarfe, da mai hana man tsinkewa idan ya yi zafi. An auna kowanne daidai da ɗan'uwansa, kamar yadda mai miya ke auna gishiri da daddawa. Haruffan da ke jikin galan su ne shaidar wannan awo: matakin SL na cibiyar API ta Amurka ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. SA kuwa man da ba shi da komai ne, na injinan kafin 1930. Wanda ya ƙara gora a kan man kirki ya ɓata awo. Wanda ya ƙara ta a kan man da aka ɗura masa daga durom marar suna bai san ma a kan me ya ƙara ba.

A inda aka ƙirƙiro waɗannan kaya an gwada su. A 1996 mujallar Consumer Reports ta buga sakamakon gwajin da ta yi da tasi 75 a birnin New York, ba ta kuwa ga wani bambancin a zo a gani ba tsakanin injinan da aka sa wa maganin STP ko na Slick 50 da waɗanda aka bari da mai kawai. Hukumar FTC ta Amurka mai sa ido kan tallace-tallace ta sa kamfanin STP ya biya tarar dala 500,000 a 1978, ya sake biyan dala 888,000 a 1995, kan iƙirarin da ba shi da hujja. A 1997 masu Slick 50 suka amince su daina irin wannan talla. Abin dariyar shi ne, kamfanin DuPont mai yin sinadarin Teflon ɗin da Slick 50 ke tinƙaho da shi, tun 1980 ya ce ba shi da amfani a cikin man inji.

To me ya sa makanike zai rantse ya ga aikinsa da idonsa? Don ya gani ɗin. Maganin nan mai kauri kamar zuma yana cike gurbin da ya buɗe tsakanin ringi da silinda, sai hayaƙin salansa ya ragu, ƙara ta lafa. Amma ƙarfen da ya cinye bai dawo ba. An shafa wa tsagaggen bango farar ƙasa ne. Ga wanda ke lallaɓa tsohon injin niƙa ya kai kaka kafin ya sami kuɗin ringi, ban ga laifinsa ba. Mai sayen babur na hannu ne ya kamata ya yi hattara, don ana iya ɓoye masa lalacewar inji da wannan magani. Kuma da asubar hunturu, man da ya yi kauri yakan makara kafin ya hau kan inji.

Wankin ciki ya fi haɗari. Galibin magungunan wanki dangin kananzir ne, shi ya sa wasu ke zuba gazuwal kai tsaye su bar inji yana sulo na 'yan mintoci. Idan injin na samun juye a kan lokaci, babu abin wankewa. Idan kuwa dauɗa ta daskare shekara da shekaru, maganin na iya ɓamɓaro ta gunduwa-gunduwa ta toshe ragar da famfo ke zuƙar mai, inji ya buga. Ƙananan baburan nan masu 125 mansu bai wuce lita guda ba, yawancinsu raga kawai gare su ba matatar takarda, kuma mai ɗaya ne ke ratsa inji da giya da kulochi. Ragowar wankin sai ta tsinka sabon mai, maganin santsi kuma ya sa kulochi zamewa. Saboda matsalar zamewar kulochi ce Japan ta kafa ma'aunin JASO MA a 1998 don man babur. Inda wanki ke da hujja shi ne idan ruwa ya shiga kasko, misali babur ya nutse a gulbi da damina. A nan ma juye biyu a jere da mai mara tsada sun wadatar.

Abin da ke cin inji a Arewa ba a cikin kasko yake farawa ba, ta hanci yake shiga. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen silinda tauri, kuma duk wadda ta tsallake matatar iska sai ta goge ringi da bango kafin ta faɗa cikin mai. Babu sinadarin gora da ke narkar da yashi. Sau da yawa za ka tarar an cire soson matatar gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu, ko robar da ta haɗa ta da kafireto ta tsage an ɗaure da leda. Soson nan kuwa ana wanke shi ne, a shanya, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse, a mayar.