Delhi da ƙaramin guzuri: abin da matafiyi zai tsara kafin ya tashi

Yawancin 'yan Najeriya da ke zuwa Delhi, babban birnin Indiya, neman magani ko karatu ke kai su. Matashin da zai je yawon buɗe ido da jaka ɗaya a baya lissafinsa daban ne: kuɗin jirgi da na biza ne ke cinye mafi yawan guzurinsa, zama a birnin kuwa ba shi da tsada idan ya san kan gari. Galibi ana bi ne ta Addis Ababa ko Doha ko Dubai. Dole ne a riƙe katin rigakafin cutar shawara, domin hukumomin Indiya na iya killace wanda ya iso daga Najeriya babu shi.

Zaɓen lokaci ya fi komai tasiri. A Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40, daga Yuli zuwa Satumba kuma damina ce. A Nuwamba hayaƙin ƙona karan shinkafa a jihohin Punjab da Haryana kan haɗu da na motoci ya turnuƙe birnin, har a rufe makarantu. Mai asma ya guji wannan wata. Hazon Disamba da Janairu yana jinkirta jirage. Fabrairu da Maris sun fi dacewa.

Daga filin jirgin Indira Gandhi, jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum tashar New Delhi cikin kusan minti 20. Daura da tashar akwai unguwar Paharganj, matattarar masaukai masu araha. A nan ake yawan yaudarar baƙi: wani zai tare mutum ya ce masaukinsa a rufe yake ko hanya ta toshe, don ya kai shi inda zai samu la'ada. Maganin wannan shi ne a kama ɗaki tun daga gida, a kuma tabbatar masaukin yana karɓar 'yan ƙasashen waje, domin doka ta wajabta yi musu rajista, kuma ba kowane ƙaramin otal ke yi ba.

A wuraren tarihi irin su Lal Qila, ganuwar da firaminista ke jawabi daga kanta kowace 15 ga Agusta, baƙo yana biyan fiye da ninki goma na abin da ɗan ƙasa ke biya. Gara a zaɓi biyu ko uku, sauran kwanakin a bi inda ba a biya: India Gate, lambun Lodhi, da Raj Ghat, inda aka ƙona gawar Mahatma Gandhi a 1948. Abincin halal mai sauƙin kuɗi yana nan a lungunan da ke kewaye da Jama Masjid, masallacin da Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656.

Akwai kuma batun launin fata, wanda littattafan yawon buɗe ido ba su cika taɓowa ba. A Maris 2017 gungun mutane sun far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, har jakadun ƙasashen Afirka suka yi tir da lamarin. Matafiyi baƙar fata ya sa ran kallo da yawan tambayar takardu, ya riƙe kwafin fasfo da biza a aljihu, da lambar ofishin jakadancin ƙasarsa a waya.