Sawun Larabawa a Ƙasar Fotugal

Idan Allah ya kai ɗayanku Fotugal, ina ba shi shawara ya fara da karanta sunayen wurare kafin ya shiga kallon gine-gine. Lardin da ke kudancin ƙasar ana ce da shi Algarve, kuma asalin sunan shi ne al-Garb, wato yamma, domin nan ne ƙarshen Andalus ta wajen faɗuwar rana. Alfama kuwa, tsohuwar unguwar Lisbon mai lunguna, ta samo sunanta daga al-Hamma, saboda maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke wurin.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetare daga Maroko da rundunarsa, kuma cikin 'yan shekaru yawancin ƙasar da ake kira Fotugal a yau ta shiga hannun Musulmi. Sai a 1147 Sarki Afonso Henriques ya ci Lisbon bayan ya kewaye ta kusan wata huɗu, da taimakon mayaƙan Kirista daga Ingila da Jamus. Faro, can kudu, ba ta faɗi ba sai 1249. Wato kudancin ƙasar ya yi fiye da shekara 500 ana kiran salla a cikinsa.

Wurin da ya fi cancantar matafiyi ya tsaya, a ganina, shi ne Mértola, wani ɗan ƙaramin gari a gaɓar kogin Guadiana. Babban cocin garin masallaci ne da aka gina a ƙarni na 12, zamanin daular Muwahhidun. Da aka ci garin a 1238 ba a rushe shi ba, sai aka mai da shi coci. Har yau mihrabin liman yana nan a bangon alƙibla, da sauran adonsa na dā.

Harshen mutanen ma bai kuɓuta ba. Kamar yadda Bahaushe ya haɗiye harafin nan na Larabci ya ce alƙali da albasa, haka Bafotuge ya ce aldeia yana nufin ƙauye, ya ce azeite yana nufin man zaitun. Sukarinmu da açúcar ɗinsu uwarsu ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne oxalá, kalmar fatan alheri wadda take ɗauke da sunan Allah, mai faɗinta kuwa galibi bai sani ba.

Musulmin da suka rage bayan yaƙe-yaƙen an tsugunar da su a unguwanni na dabam, irin Mouraria ta Lisbon, har zuwa Disamban 1496, lokacin da Sarki Manuel na Ɗaya ya ba da umarnin Yahudawa da Musulmi su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar. Babban masallacin Lisbon na yanzu a 1985 aka buɗe shi.