Harsashin da maharban Amurka suka gyara da hannunsu

Kowa ya san bindigar maharban garuruwanmu. Maharbi shi ke zuba albarushi ta bakinta, ya bi shi da dalma, ya danna. In zabo zai nema sai ya rage, in babban nama ne sai ya ƙara. Bindigar zamani ba haka take ba. Harsashinta a haɗe yake zuwa daga kamfani. Abu huɗu ke gare shi: kwanson tagulla, albarushi a cikinsa, ƙwayar dalma a bakinsa, da ɗan abin tada wuta a gindinsa. Kowace bindiga kuma da irin harsashin da take ci.

A ƙasar Amurka an yi maharba da maƙeran bindiga waɗanda harsashin kanti bai gamshe su ba. Sai su ɗauki kwanson da aka riga aka harba, su matse bakinsa ko su buɗa shi, su sa ƙwayar da suke so. Daga nan maƙeri ya gyara bindiga daidai da shi. Irin wannan harsashi ba a sayar da shi a kanti. Amurkawa suna kiransa da wani suna mai ma'anar muzurun daji. Ga labarin waɗanda suka fi yin suna.

A shekarar 1906 sojan Amurka suka fara aiki da wani harsashi mai lamba 30-06. Kaurin ƙwayarsa ya kusa milimita 8. Bayan yaƙin duniya na farko kwansonsa ya yi yawa, ya yi araha. Shi ya sa masu gyara suka fi kama shi.

A ƙasarsu akwai namun daji masu girman sa ko doki. Bindigogin da ake yi a Ingila domin manyan namu suna da tsada ƙwarai. A 1922 wani hafsan soja, Kanar Townsend Whelen, da wani maƙerin bindiga, James Howe, suka buɗa bakin kwanson 30-06, suka sa ƙwaya mai kaurin milimita 9. Aka sa masa suna 35 Whelen. Mai ƙaramin ƙarfi ya samu harsashin manyan namu ba tare da ya sayi bindigar masu kuɗi ba. Maharba suka yi shekara 66 suna haɗa shi a gida. Sai a 1988 kamfanin Remington ya fara yin sa na sayarwa.

Wani maƙerin kuma, mai suna Niedner, ya bi wata hanya dabam. A 1920 ya matse bakin wannan kwanso, ya sa ƙwaya mai kaurin milimita 6 da rabi. Nufinsa ya samu harsashi mai gudu, wanda zai cim ma barewa daga nesa a fili. Da fari bai yi tasiri sosai ba, domin albarushin zamanin yana saurin ƙonewa, shi kuwa babban kwanso mai ƙaramin baki albarushi mai ci a hankali yake so. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sayar da ragowar albarushin soja mai ci a hankali, da araha. Sannan ne harsashin ya nuna aikinsa. A 1969 Remington ya karɓe shi, yau ana kiransa 25-06.

Na uku ɗan ƙarami ne, amma ya fi su gudu. Manoma da makiyaya suna fama da namun da ke haƙa ramu a gonaki, da wani karen daji mai kama da dila da ke kama ƴan tumaki. A 1937 waɗansu mutane uku, Wotkyns da Gebby da Smith, suka matse kwanson wani harsashi na kamfanin Savage. Ƙwayar ba ta kai milimita 6 ba, amma tana cin fiye da mita 1000 cikin daƙiƙa guda. Shi ne 22-250. Remington ya fara sayar da shi a 1965, har yanzu yana cikin waɗanda aka fi saye domin wannan aiki.

Akwai wani maƙeri da ba a manta shi, sunansa Ackley. Dabararsa ita ce ya ɗan faɗaɗa ɗakin da harsashi ke shiga a cikin bindiga. In aka harba harsashin kanti, ƙarfin wutar sai ya kumbura kwanson ya cika ɗakin. Ka ga an samu sabon kwanso mai ɗaukar albarushi fiye da na dā. In kuma na gida ya ƙare, bindigar tana cin na kanti. Ackley ya rasu a 1989, amma a 2008 aka shigar da wani harsashinsa mai lamba 280 cikin tsarin kamfanoni.

To, kada mai karatu ya ɗauka aikin wasa ne. Albarushi in ya wuce kima, bindiga ke fashewa, ta tafi da ido ko yatsu, wani lokaci har da rai. In ya yi kaɗan kuma, nama ya gudu da rauni, ya je ya mutu a banza. Ackley da kansa ya riƙa cika bindigogi da gangan har su fashe, domin ya san iyakar ƙarfin kowace. Waɗanda suka ci nasara, sikeli gare su na auna albarushi. Suna ƙarawa kaɗan-kaɗan, suna duba kwanso bayan kowane harbi, suna rubuta abin da suka gani a littafi.

Irin waɗannan harsasai an yi su da yawa, mafi yawansu sun ɓace tare da masu su. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda suka biya wata bukata ta gaskiya, aka kuma rubuta awonsu har wani ya iya maimaitawa. Hannu ne ya gyara su, amma awo da rubutu ne suka kai su ga jikoki.