Daga "Sak" zuwa "Shinkafa da Wake": Shawarar Zaɓe da Ƙananan Kujeru a Zamfara ta Tsakiya, 2019–2024

Tsakure

Maƙalar ta nazarci irin shawarar da ake ba mai zaɓe game da kujerun da ke ƙasa da ta shugaban ƙasa da ta gwamna, a yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu. An dogara ga sakamakon da hukumomin zaɓe suka bayyana da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli. An gano cewa kiran "sak" yana ɗauke wa talaka wahalar tantance 'yan takara, amma yana damƙa ƙuri'arsa a hannun masu shirya zaɓen fitar da gwani.

1.0 Gabatarwa

A Amurka akan tambayi mutanen gari ra'ayinsu kai tsaye kan haraji ko bashin gina makaranta, jaridu kuma su buga jerin waɗanda suke goyon baya. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya taƙaita ƙuri'ar raba gardama ga batutuwa irin su ƙirƙirar jiha ko ƙaramar hukuma da yi wa ɗan majalisa kiranye. Saboda haka mutumin Kucheri, da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ba a tambayarsa ko rijiya yake so ko asibiti. Wakili kawai yake zaɓa.

Ko sunan wakilin ma ba ya kan takardar. Abin da zai gani shi ne tsintsiya, lema da sauran alamomin jam'iyyu, sai ya dangwala yatsa. Ranar zaɓen shugaban ƙasa takardu uku ake miƙa masa, ranar na gwamna kuma biyu. A nan "sak" ta sami gindin zama tun zamanin guguwar Buhari: kalma guda ta isa a riƙe, daga sama har ƙasa.

2.0 Darasin 2019

Jam'iyyar APC ta lashe dukkan kujerun Zamfara a 2019. Mukhtar Shehu Idris ya sami ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP kuwa 189,452. Ranar 24 ga Mayu, Kotun Ƙoli ta yanke cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fitar da gwani ba, don haka ƙuri'unta sun tashi a banza. Gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7 da 'yan majalisar jiha 24 duk suka faɗi rana ɗaya. Rikicin na manya ne, tsakanin ɓangaren Abdul'aziz Yari da na Kabiru Marafa, amma wanda ya yi asara shi ne wanda ya wuni kan layi cikin rana. Abin takaicin bai tsaya nan ba. A Yunin 2021 Matawalle ya koma APC, akasarin zaɓaɓɓun PDP suka bi shi. Alamar da aka ce a riƙe gam, masu ita ne suka fara sakin ta.

3.0 Sauyin 2023

Ranar 25 ga Fabrairu, Bola Tinubu na APC ya ci Zamfara. Bayan mako uku, Dauda Lawal na PDP ya kayar da gwamna mai ci, Matawalle, da ƙuri'a 377,726 a kan 311,976. A mazaɓar sanatan tsakiya, 'yan ƙaramar hukumar Tsafe biyu ne suka kara, Marafa da Ikra Aliyu Bilbis, sai da aka je zaɓen cike gurbi a Afrilu kafin Bilbis na PDP ya yi nasara. Wannan raba ƙuri'a tsakanin jam'iyyu ne ake kira shinkafa da wake. A ganina, matsalar tsaro ta taka rawa, domin wanda ya biya kuɗin fansa ko ya bar gonarsa ba noma yakan tambayi abin da mutum ya yi masa kafin ya dubi tutarsa.

Sai dai wannan duba cancantar ɗan takara bai sauka ƙasa sosai ba. Gidajen rediyo da majalisun hira sun fi tattauna gwamna da sanata, ɗan majalisar jiha kuwa yawanci a inuwar gwamna yake shiga. Kansila ya fi kowa shiga duhu, alhali shi ne ake iya tararwa a ƙofar gidansa da safe. Zaɓensa yana hannun hukumar zaɓe ta jiha, kuma a na Nuwamban 2024 PDP mai mulki a lokacin ta kwashe dukkan ƙananan hukumomi 14, wata huɗu bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli da ya ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye.